Ba a Bikin Ƙaddamarwa Ake Auna Rada Ba

A 1985 iskar da ke rikitowa ƙasa daga cikin hadari ta kayar da jirgin Delta a Dallas. Amurka ta kafa na'urorin rada na Doppler a filayen jirage 45. A 2006 juyin iska ya kayar da jirgin ADC a Abuja, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Ɗora wa matuƙi laifi shi kaɗai gajarta magana ce. Iskar nan 'yan mintuna take yi, saboda haka tambaya uku ce ma'aunin rada: sau nawa ta gano ta, sau nawa ta yi gargaɗin ƙarya, daƙiƙa nawa kafin labari ya isa hasumiya? Hukumar da ta ɓoye amsoshin nan kwangila take karewa, ba fasinja ba.