Baƙo Raɓa: Wuni Ɗaya Na Jirgin Shaƙatawa A Tsibirin Jamaika

Daga cikin al'adun da mawadatan ƙasashen Turai da Amurka suka ɗauka a wannan zamani, akwai wata irin tafiya wadda babu fatauci a cikinta, babu kuwa ziyarar dangi. Mutum zai tara kuɗi, ya karɓi hutu a wurin aikinsa, ya ɗauki iyalinsa su shiga wani ƙaton jirgin ruwa, su kwana 7 bisa teku suna ci suna sha suna kallon wasanni. Jirgin zai riƙa yada zango a tsibirai 3 ko 4, fasinjoji su sauka da safe su ba idonsu abinci, su koma ciki kafin magariba, daga bisani ya komo da su tashar da ya ɗebe su. Yawancin waɗannan jirage daga jihar Fulorida ta Amurka suke tashi, su nufi tsibiran tekun Karibiyan, inda babu hunturu, ga rana, ga bishiyoyin kwakwa, ga farin rairayi. A wannan mako shafin nan zai bi sawun wuni guda na irin wannan tafiya a tsibirin Jamaika, domin mai karatu ya ga inda kuɗin baƙi yake shiga, da abin da yake rage wa masu masauki.

Da farko ya kamata a san girman abin da ake magana a kansa. Jirgin da ake kira Oasis of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2009, tsawonsa ya kai mita 360, wato ya fi filin ƙwallo 3 in an jera su. Yana ɗaukar fasinjoji fiye da 5,400, ban da ma'aikata sama da 2,000 masu dafa abinci da shara da wanki da tuƙi. A cikinsa akwai ɗakunan kwana, da gidajen cin abinci, da kantuna, da wuraren iyo, da ɗakin wasan kwaikwayo, da asibiti, har da gidan caca. A taƙaice dai gari ne sukutum yake yawo bisa ruwa. Jirgi irin wannan ba kowace tasha ce take iya karɓarsa ba, saboda haka hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Jamaika ta haɗa gwiwa da kamfanin, aka kashe fiye da dala miliyan 200, aka yashe ƙasan teku, aka gina sabuwar tasha a garin Falmouth da ke arewacin tsibirin. An buɗe ta a 2011, kuma jirage 2 suna iya tsayawa a cikinta lokaci guda. Mutanen garin Falmouth kuwa ba su kai 10,000 ba a ƙidayar wannan shekarar. Ke nan ranar da manyan jirage 2 suka haɗu, baƙin da ke bakin ruwa suna iya fin masu garin yawa.

Falmouth ba baƙon jirage ba ne. An kafa shi a 1769, zamanin da Jamaika take hannun Ingilishi, waɗanda suka ƙwace ta daga mutanen Sifen a 1655. A wancan lokaci gundumar Trelawny, wadda Falmouth ne babban garinta, cike take da gonakin rake, masu nomansu kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, da yawansu daga gaɓar tekun ƙasar da yau ake kira Ghana, da kuma tasoshin Bonny da Kalaba. Jirage sukan zo da bayi da kayan Turai, su koma Ingila shaƙe da sukari da barasa. Garin ya yi arziki, aka gina manyan gidaje da coci-coci da kotu, amma arzikin na masu gonaki ne, da yawansu ma a Landan suke zaune suna cin riba. Bayi sun yi babban bore a ƙarshen 1831 a ƙarƙashin Sam Sharpe, aka rataye shi a Montego Bay a 1832, sannan aka soke bauta a 1834, cikakken 'yanci ya tabbata ranar 1 ga Agusta, 1838. Da cinikin sukari ya ja baya, sai garin ya yi ta tsufa a hankali, har ƙasar ta sami mulkin kai a 1962 bai farfaɗo ba. Shi ya sa da aka zo da zancen sabuwar tasha, mutanen garin suka ɗauka kakarsu ta yanke saƙa.

To, ga yadda wunin yake kasancewa. Jirgi yakan iso da sassafe, ya tashi wajen ƙarfe 4 ko 5 na yamma. Tun kafin ya iso, yawancin fasinjoji sun riga sun sayi tikitin yawon da za su yi a tudu, kuma daga hannun kamfanin jirgin suka saya, wasu ma tun suna gida ta intanet. Da sun sauko, sai su tarar da motocin safa a jere a cikin harabar tasha, kowace da alamarta. Wasu a kai su kogin Martha Brae, wanda yake kusa da gari, inda ake ɗaure gorori a yi abin hawa mai kujerar mutum 2, wani ƙaƙƙarfan mutum ya tsaya a gaba yana tura shi da dogon gora. Wasu a nufi gabas da su, tafiyar awa 1 da 'yan kai, zuwa matsirgar Dunn's River da ke kusa da Ocho Rios, inda ruwa yake gangarowa bisa duwatsu hawa-hawa daga tsayin mita 55 har ya faɗa teku. A nan baƙi sukan kama hannun juna su yi dogon layi, jagora yana gaba, su bi cikin ruwan suna hawa suna ihu don murna. Wasu kuwa yamma ake yi da su, zuwa bakin teku a Montego Bay. Babu mai musun kyan waɗannan wurare, kuma wanda ya je ya gani ba ya cewa ya yi asarar kuɗinsa.

Sai dai duk inda motocin nan suka nufa, ta gefen Falmouth suke wucewa. Fasinjan da ya ƙi fita yawo ma ba lalle ne ya taka garin ba, domin a cikin harabar tasha an gina masa wata kasuwa mai tsabta, da kantunan zinariya da lu'ulu'u da agogo da turare waɗanda ba a biyan kuɗin kwastan a kansu, da gidajen abinci, da makaɗa masu yi masa maraba. An kewaye wurin da shinge, akwai masu gadi a ƙofa, ɗan gari ba ya shiga sai da takardar izini. Manyan kantunan kuwa, irinsu ne fasinjan zai tarar a tsibiri na gaba da na bayansa, don rassa ne na kamfanonin waje. Mai sassaƙa da mai saƙar kwando da mai sayar da kwakwa waɗanda ba su sami rumfa a ciki ba, sai su tsaya a bayan shinge suna jiran ɗan abin da zai tsallako. Tun shekarar farko da buɗe tashar 'yan kasuwar garin suka fara kukan cewa suna ganin baƙi ne kawai ta tagar mota.

Abin da ke riƙe fasinja a hannun kamfani ba ƙarfi ba ne, agogo ne. Ƙa'idar waɗannan jirage ita ce, wanda ya sayi tikitin yawo daga kamfani, in motarsu ta makara jirgi zai jira shi, ko kuwa kamfanin ya ɗauki nauyin kai shi zango na gaba. Wanda kuwa ya fita ƙofa ya yi ciniki da direban tasi na gari, in ya makara jirgi ya tafi ya bar shi, sauran ɗawainiya a kansa take. Mutumin da ya zo da mata da 'ya'ya ƙasar da bai sani ba, kuma awa 8 kaɗai gare shi, da wuya ya yarda ya shiga wannan kasada, ko da kuwa farashin waje ya fi sauƙi. Daga cikin kuɗin tikitin nan kamfanin jirgi yakan riƙe kaso mai tsoka, wani lokaci har rabi, sauran a miƙa wa ɗan kwangilar da ke tudu, shi kuma ya biya mai da direba da jagora da kuɗin shiga wurin. Kafin abin ya kai ga mai tura gora a kogin Martha Brae, ya zama ɗan kaɗan, sai fa abin da baƙo ya ba shi na alheri. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka lissafin yake ta sauran fuskoki. Fasinja ya riga ya biya kuɗin abinci da kwana a cikin tikitinsa, don haka ba ya kama ɗaki a otel, yawanci ma yakan daure da yunwa har ya koma jirgi. Yawancin kayan abincin da dubban mutanen nan suke ci a Fulorida ake loda su, manomin Trelawny, wanda ya shahara da doya, ba ya ganin ko sisi daga ciki. Ma'aikatan jirgi akasarinsu daga Filifin da Indiya da Indunusiya ake ɗauko su. Kamfanin Royal Caribbean a Miyami ofishinsa yake, amma a Laberiya aka yi masa rajista, jiragensa da yawa kuwa tutar Bahamas suke ɗauke da ita, kamar yadda babban abokin gasarsa Carnival ya yi tasa rajistar a Panama, duk don sauƙin haraji. Alƙaluman Jamaika na 2019 sun nuna bambancin a fili. Baƙin da suka sauka ta jirgin sama suka kwana a ƙasar sun kai wajen miliyan 2.7, na jirgin ruwa kuwa sun ɗara miliyan 1.5, amma abin da na jirgin ruwan suka kashe bai kai kashi 1 cikin 10 na kuɗin da ƙasar ta samu daga baƙi ba.

Duk da haka, ba za a ce jiragen ba su da amfani ba. Gwamnati tana karɓar haraji a kan kowane fasinja, tana karɓar kuɗin tasha, matsirgar Dunn's River ma a hannun wata hukumar gwamnati take. Direbobi da jagorori da masu gadi da makaɗa dubbai ne suke ciyar da iyalansu daga nan. An gane haka sarai a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka tsayar da jiragen gaba ɗaya, ba su sake leƙa Jamaika ba sai watan Agusta na 2021. A waɗannan watanni 17 masu rumfuna da masu motoci sun sha wuya ƙwarai. Sannan a ƙarshen Oktoba na 2025 guguwar Melissa ta afka wa yammacin tsibirin, ta yi wa Falmouth mummunar ɓarna. A irin wannan rana jirgi sai ya juya akalarsa zuwa wani tsibiri inda rana take haske, mai gida kuwa yana nan da rusasshen rufinsa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Wannan ikon juya akala shi ne babban makamin kamfanonin. Tsibiran Karibiyan ƙanana ne, kusa da juna suke, kuma hajarsu iri ɗaya ce, wato rana da ruwa da rairayi. Duk wanda ya ɗaga harajinsa, sai a nuna masa maƙwabcinsa. A 1999 kamfanin Carnival ya janye daga Girenada saboda harajin dala 1 da rabi da aka ɗora wa kowane fasinja don aikin kwashe shara. Ƙasar Meziko, duk da girmanta, ta yanke harajin dala 42 a ƙarshen 2024, kamfanoni suka matsa, aka komo dala 5 lokacin da aka fara karɓa a watan Yuli na 2025. Bayan wannan kuma kamfanonin sun koma mallakar nasu tsibiran. Kamfanin Norwegian ya sayi Great Stirrup Cay a Bahamas tun 1977, Royal Caribbean kuwa ya kashe dala miliyan 250 ya gyara CocoCay ya sake buɗe shi a 2019. A irin waɗannan wurare babu gari, babu ɗan tasi mai ciniki, kujerar bakin ruwa da laima da kwale-kwale duk na kamfani ne.

Maganin abin ba ɓoyayye ba ne, zartar da shi ne yake da wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma muddin kowane tsibiri yana zuwa teburin ciniki shi kaɗai, farashin da kamfani ya yanka shi zai karɓa. Da shugabanninsu za su tsayar da haraji guda, su sa sharaɗin sayen wani kaso na abinci daga manoman gida, su kuma buɗe ƙofar tasha ga masu sana'ar gari, jiragen ba su da wani tekun Karibiyan na biyu da za su koma. Mutanen tsibiran Cayman sun nuna ana iya cewa a'a, domin a ƙuri'ar jin ra'ayi ta watan Afrilu na 2025 sun ƙi amincewa a gina wa manyan jirage tasha. Shi ma fasinja yana da nasa rabon. Tsakanin ƙofar tasha da tsakiyar Falmouth tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, ba ta isa ta sa mutum ya rasa jirgi ba, kuma dalar da ya kashe a can a hannun mai garin take kwana. Duk ƙasar da ake yi wa alkawarin arzikin baƙi, ya kamata tun kafin a kafa tubalin farko ta tambayi wa zai riƙe mabuɗin ƙofa, don mutanen Falmouth sai bayan an gama gini suka sami amsar.