Darasin Hoto a Ajin Zane na Sakandare

Duk ɗalibin da ya yi aikin hoto a ajin zane na sakandare a zamanin fim, ya san ba ɗauka kaɗai ya koya ba. Naɗin fim guda bai cika wuce hoto 36 ba, don haka tilas ya auna haske da inuwa kafin ya danna. Sannan ya shiga ɗaki mai duhu, ya tsoma takarda cikin ruwan magani, ya jira sura ta bayyana.

Yau waya ta kawar da wannan jira, kuma bashi ya durƙusar da kamfanin Kodak a 2012. To, amma lura ba ta tsufa. Ya kamata makarantu su raya darasin nan, ko da kyamarar gwangwani mai hudar allura ce.