RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

Jama'a, maganarmu ta wannan mako maganar ruwa ce. Mun san kunnen talaka ya gaji da jinta, domin ba a taɓa yin zaɓe a ƙasar nan ba tare da an yi alkawarin famfo ba. Amma muddin yaran ƙauyukan Makoɗa suna sammako da jarka kafin su ɗauki allo ko littafi, muddin mai tuwo-tuwo a kasuwa tana sayen ruwan wanke kwano daga hannun ɗan garuwa, tilas mu maimaita, ko da za a ce mun cika naci.

Da farko sai mu kawar da wata ƙarya. Allah bai hana Jihar Kano ruwa ba, kuma magabata ba su yi barci ba. Tun cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo na birnin Kano. Aka jawo ruwa daga kogin Challawa, aka hau da shi tanki a kan Goron Dutse, ya gangaro cikin gari. Da kuɗin baitulmalin En'e aka yi wannan aiki, watau harajin kakanninmu ne, na birni da na ƙauye, har da waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin bakin famfo ba. Bayan haka Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka dinga datse koguna. Aka gama Tiga cikin 1974, aka yi Bagauda, aka shiga aikin Watari da Gari da sauransu. A cikin wannan jeri ne aka datse kogin Tomas, ga tafkinsa nan kwance a yankin Ɗambatta da Makoɗa, ana noman rani, ana su. Cikin 1992 aka gama babbar madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye. Zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau kuma aka gina sabuwar matatar ruwa a Tamburawa, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 kowace rana, da ta Watari mai lita miliyan 75.

To, ga tafki, ga matata, ga bututu a ƙasa. Ina dalilin ƙishirwa? Ga amsarmu, kuma ita ce kan maganar duka: masu mulki sun iya gini, ba su iya riƙo ba.

Bari mu bayyana abin da mu ke nufi, don kada a ce zargi kawai mu ke yi. Ruwan tafki ba ya zuwa gida da ƙafarsa. Sai inji ya zuƙo shi. Sai a zuba masa alam, laka ta kwanta. Sai ya ratsa yashi ya tacu. Sai a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Kana wani inji ya tura shi tanki a bisa tudu, daga nan ya bi bututu zuwa unguwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin kuɗi kullum, ba hutu: wutar lantarki ko man dizal, buhunan alam, albashin mai kula da inji, ladan mai toshe bututun da ya fashe. Ran da ɗaya ya yanke, famfo ya ƙafe, ko da tafki ya cika ya batse. Gini kuwa sau ɗaya a ke yinsa. Ana ba da kwangila, ana kiran makaɗa, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Gyaran injin da ya tsaya ba shi da kalangu, ba shi da hoto, ba shi da kaso mai tsoka. Shi ya sa ko'ina ka bi a karkara za ka ga tankin sola a tsaye da sunan wani babba a jikinsa, famfunansa sun yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsa, ana kuma shirin haƙa sabo a gefensa.

Wa ke biyan kuɗin wannan sakaci? Ku zo mu yi lissafi irin na kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata don sha da girki da 'yar tsabta shi ne lita 20 a rana. Gida mai mutum 10 yana bukatar lita 200 ke nan, watau jarka 8 mai cin lita 25. A ce kowace jarka naira 100 ce. Naira 800 ke nan a rana, naira 24,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu cikin 2024 naira 70,000 ne. Kun ga sulusi ya tafi a ruwa, tun ba a auno tiyar gero ba. Wanda ba shi da albashi fa? Shi da ƙafar matarsa da 'ya'yansa ya ke biya. Attajiri kuwa ya haƙa burtsatse a tsakar gidansa, ya sa inji, ya huta. Ashe ke nan a sha'anin ruwa wanda ya fi talauci shi ya fi kowa biya da tsada. Ba mu ga laifin ɗan garuwa ba. Talaka ne, da ƙirjinsa ya ke tura kura, kuma ba don shi ba da unguwanni da yawa sun tashi. Laifin yana wuyan waɗanda aka ba amanar guga.

Har ila yau akwai abin da a ke mantawa. Ruwan gari iri uku ne. Akwai wanda mu ke sha, akwai wanda mu ke zubarwa bayan wanka da wanki da biyan bukata, akwai kuma wanda ke saukowa da damina. Duk garin da ya kula da ɗaya ya bar biyu, to, biyun nan za su koma su ɓata ɗayan. Ga misali. Bututun da ke cike da ruwa, in ya huje, waje ya ke tsiyaya. Amma bututun da a ke ba ruwa yau a hana shi kwana biyar, in ya zama wofi, sai ya dinga zuƙo abin da ke kewaye da shi. In ta cikin kwata ya ratsa, kamar yadda mu ke gani a lunguna, ruwan kwatar ne zai fara fitowa ran da aka saki famfo. Haka rijiyar da aka haƙa dab da masai. Masana tsabta suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, amma a ƙasa irin tamu, inda gida ke manne da gida, gona ke manne da gona, wa ke aunawa in hukuma ba ta tsaya ba?

Turawan Ingila sun sha wannan darasi da gawawwaki. Cikin 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana ƙirga matattu, ya tarar yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya su ke sha. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka gane wani ramin ƙazanta ne ke yoyo cikin rijiyar. Cikin 1858 warin kogin birnin ya addabi 'yan majalisarsu, sai suka ba da kuɗi aka gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa. Bayan annobar 1866 kwalara ba ta sake yi wa Landan irin wannan ta'adi ba. Mu kuwa cikin 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Cutar da aka san maganinta tun shekara 170 da suka wuce! Assha.

Wanda ke son ganin inda ruwan ƙazantar birnin Kano ke zuwa, ya bi Jakara. Ita ke kwashe na tsohon gari, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zube a tafkin Wasai ta ƙasar Minjibir. A bakin wannan ruwa a ke noman latas da kabeji da sauran kayan lambu da ke shiga kasuwanninmu. Majemun Sharaɗa da Challawa kuma sun daɗe suna sako nasu zuwa kogin Challawa, kogin da birni ke sha. Watau birni ya sha mai kyau in ya samu, ya turo wa ƙauye maras kyau.

Ruwan sama kuma ba ya roƙon hanya. Kakanninmu da suka haƙi ƙasar gini sun bar kududdufai, su ne ke haɗiye ruwan damina. Aka bi su ɗaya ɗaya aka cike, aka yanka filoti, aka gina shaguna har a kan magudana, leda ta toshe sauran. Damina ta 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na dukiya mai yawa. 'Yan kasuwa ba su manta ba. Wanda ya sa hannu aka yi gini a kan hanyar ruwa ko yadi ɗaya bai yi hasara ba.

Kada mutanen Makoɗa da Koguna su ce wannan ciwon birni ne. Gemun ɗan'uwanka in ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garuruwanmu suna girma, gonakin bakin hanya suna zama filotai, kududdufan bayan gari an fara sa musu ido. Gidan ƙasa kuwa ba ya jure kwana biyu da ruwa a gindinsa. Abin da ya fi ƙarfin Kano yau, da sauƙinsa aka bar shi. Mu namu yana da sauƙi tukuna.

Za su ce mana talakawa ba sa biyan kuɗin ruwa, don haka hukuma ba ta da abin sayen alam. Mun nuna a sama talaka yana biya, har ya fi ƙima. Abin da ya ƙi shi ne biyan kuɗin iska. A kawo ruwa a kan lokaci, a sa kuɗi daidai ƙarfinsa, a ba shi rasit na gaskiya, a gani in zai ƙi. Za su ce aikin ya fi ƙarfin ƙasa matalauciya. To, kurkunu fa? Cikin 1988 an ƙirga masu ita fiye da 600,000 a Nijeriya, manoma na kwance da damina, gona na cin ciyawa. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi masu murfi, da sa mutum a kowane ƙauye yana kai rahoto, aka kashe ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cikin 2013 cewa ta ƙare a ƙasar nan. Naci ne ya yi wannan aiki, kuma nacin ne mu ke nema.

Za su kuma ce ba aikinsu ba ne, na wancan ofis ne. Wannan ma akwai amsa. Ruwan famfo na garuruwa yana hannun Hukumar Ruwa ta Jiha, na karkara yana hannun RUWASA. Tsarin mulki na 1999 kuwa ya lissafa aikin ƙaramar hukuma a fili, a ciki har da magudanan ruwa, da kasuwanni, da mahauta, da makewayin jama'a, da kwashe shara da ƙazanta. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ɗan kasuwar da a ke yankar wa tikiti kowace ranar kasuwa yana da ikon ya tambayi ina makewayi, ina kwalbati, ina famfo.

Ga abin da mu ke nema, kuma ba mu nemi abin da ya gagara ba.

Na farko, a ƙirga kowane famfo da kowace burtsatse ta gwamnati a ƙasar Makoɗa, mazaɓa mazaɓa, a rubuta mai aiki da matacce, a manna takardar a sakatariya a Koguna da bakin kowace kasuwa, da boko da ajami.

Na biyu, kada a sake haƙa sabuwa a garin da ke da matacciya sai an ta da matacciyar. Kowace kwangilar ruwa kuma a haɗa ta da kuɗin gyara, da horar da makaniki ɗan garin.

Na uku, Hukumar Ruwa ta riƙa faɗa wa jama'a kowane wata lita nawa kowace matata ta tace, nawa aka kashe a alam da wuta, nawa aka tara daga masu biya. Mutanen da ke zaune kusa da Tomas su san rabonsu da ranakun da za a sakar musu.

Na huɗu, a yashe magudana a gyara kwalbatoci tun cikin bazara, kafin ruwan farko. A shata kududdufan da suka rage, a hana sayar da su ko ga wane ne.

Na biyar, a ware wani kaso sananne daga kuɗin tikitin kasuwa don ruwa da makewayi na kasuwar da aka karɓa, shugabannin 'yan kasuwa su riƙa ganin lissafin.

Mu ma akwai namu. Wanda ya zuba shara a kwata da dare, shi ya jawo ruwa ɗakin maƙwabcinsa. Wanda ya fasa bututu ya saci ruwa, ya buɗe wa cuta ƙofa. Wanda ya ga ana kwance sola ya yi shiru, da shi aka yi satar. Kowace unguwa ta zaɓi mutum uku ko biyar amintattu, har da mata, tun da su ne suka san zafin tulu, su riƙe asusun famfonsu da littafi a buɗe.

Sa'an nan in masu neman ƙuri'a sun zo da alkawarin sabon tanki, ku karɓe su da mutunci, ku ba su tabarma. Kana ku kama hannunsu ku kai su gindin tsohon, ku tambaye su wa zai gyara wannan, da wane kuɗi, kuma yaushe. Wanda ya ba da amsa a rubuta ta a gaban shaidu. Wanda ya kasa, kun san matsayinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu shugabanni masu riƙon amana. Amin.