Ina Littattafan Tattalin Arziki na Musulunci Cikin Hausa?

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a don nazarin tattalin arziki ko halayyar zaman jama'a, da Adam Smith da Karl Marx da Max Weber ake fara yi masa maraba. Wannan ba aibu ba ne, domin ilmi kayan mumini ne, duk inda ya tsince shi ya ɗauka. Abin takaici shi ne ɗalibi ya kammala karatu yana zaton Musulunci bai ce kome ba game da kasuwa da haraji da rabon dukiya, sai dai haramcin riba kurum.

Alhali kuwa rumbun cike yake. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu Kitabul Kharaj a kan harajin ƙasa. Abu Ubaidu ya wallafa Kitabul Amwal game da dukiyar baitulmali. Ibnu Khaldun kuma, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya nuna yadda zumuncin dangi ke kafa daula, da yadda tsananta haraji ke kashe wa talaka zuciyar nema har kuɗin shiga su ragu. Wannan fa kusan shekara 400 ke nan kafin littafin Adam Smith na 1776.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wasiƙa a kan wajiban sarakuna, ciki har da hanyoyin tara dukiyar hukuma da kashe ta. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da Usulus Siyasa, da kuma Tanbihus Sahib a kan neman halal. Mafi jan hankalin mai nazarin Hausa shi ne Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, inda ya jera ɗabi'un sarakunan zamaninsa, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu na Hausa a tsakiyar Larabci. Littafi ɗaya ke nan ya haɗa tarihin haraji da tarihin harshe.

A zamanin nan kuwa, tun daga taron duniya na farko a kan tattalin arzikin Musulunci da aka yi a Makka a 1976, rubuce-rubuce sun yawaita, musamman na Nejatullah Siddiqi da Umer Chapra. A Nijeriya bankin Jaiz ya soma aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko, na naira biliyan 100, a 2017.

To, ina gizo ke saƙar? Tsofaffin littattafan da Larabci suke, sababbin da Ingilishi. Ɗalibin tattalin arziki sau da yawa ba ya jin Larabci, almajirin zaure bai san lissafin hauhawar farashi ba, shi kuwa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ake tallata wa murabaha ba a fayyace masa bambancinta da bashi mai ruwa ba. Hausa ce kaɗai ta haɗa su ukun.

Saboda haka aikin ya rataya a wuyan sassan Hausa. Ya kamata a ba ɗaliban ajin ƙarshe damar fassara babi guda daga waɗannan littattafai a matsayin kundin digiri, da sa idon malaman Larabci da na tattalin arziki. A kuma tattaro kalmomin da ke bakin 'yan kasuwa tun fil azal, irin su adashi da dillanci da la'ada da jingina da fatauci, kafin a garzaya ƙirƙirar sababbi.

Wani zai ce littafin da aka rubuta don zamanin ayari da wuri ba zai warware matsalar naira ba. Gaskiya ne, ba a ce a haɗiye su ɗanye ba, kuma yabon magabata ba nazari ba ne. Sai an karanta su, an auna su da halin da kasuwa ke ciki yau, sa'an nan a san abin ɗauka da abin bari. Amma ba a auna abin da ba a iya karantawa ba. Allah ya sa shugabannin sassa su duba wannan kira.