Sharhi: Doguwar hanya daga Anka, Gummi da Bukkuyum zuwa digirin injiniyan kwamfuta

A 'yan shekarun nan hukumomi a Najeriya sun yi ta shelar cewa makomar tattalin arzikin ƙasar tana ga fasahar zamani, kuma matasa ne za su ja ragamarta.

A shekarar 2023 ma'aikatar sadarwa, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin koya wa mutane miliyan 3 sana'o'in fasaha. A 2024 kuma asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatun ɗaliban manyan makarantu da ke neman bashin karatu.

Sai dai ga ɗalibin da ya tashi a Anka, Gummi ko Bukkuyum, a yammacin jihar Zamfara, yake kuma fatan zama injiniyan kwamfuta, yawancin abubuwan da za su yanke hukunci a kan wannan buri suna faruwa ne tun yana sakandare, shekaru kafin ya ga ƙofar jami'a.

Abin da karatun ya ƙunsa

Mutane da dama kan haɗa wannan fanni da kimiyyar kwamfuta, alhali akwai bambanci. Kimiyyar kwamfuta, wadda ake yi cikin shekaru 4, ta fi karkata ga lissafi da rubuta manhaja. Shi kuwa injiniyan kwamfuta shekaru 5 yake yi, yana koyon lantarki, da yadda ake tsara kayan cikin na'ura, da yadda ake haɗa su da manhajar da za ta sarrafa su.

A shekara ta 4 ɗalibi kan shafe kimanin watanni 6 yana sanin makamar aiki a wani kamfani ko ma'aikata. Kuma wajibi ne kwas ɗin ya samu amincewar hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista.

Kafin a kai nan, sai ɗalibi ya samu kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, sannan ya sake zana waɗannan darussa 4 a jarrabawar JAMB.

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, ba ta samu jami'a ba sai a 2013, lokacin da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, inda ake koyar da kimiyyar kwamfuta. A 2018 aka kafa jami'ar jihar a Talata Mafara. Masu neman digirin injiniyan kwamfuta daga yankin sun saba duba zuwa tsofaffin jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Bayero da ke Kano.

Gurbi na nan, masu cike shi fa?

A bisa tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, ana ware kashi 45 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi ƙwazo, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, sai kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. Zamfara na cikin wannan rukuni na ƙarshe.

To amma wannan rangwame ba ya ɗauke wa kowa sharaɗin kiredit a fiziks da kemistiri, darussan da ba sa koyuwa yadda ya kamata sai da ƙwararren malami da ɗakin gwaje-gwaje. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da suka fi ƙaranci a makarantun karkara.

Alamun matsalar sun daɗe da bayyana. A 2018 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce yara 28 kacal ne daga duk faɗin Zamfara suka yi rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, duk da cewa ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu a garin Anka take.

Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau mulki a 2023, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban shekarar. Gwamnatinsa ta ce ta tarar da tarin bashin da WAEC da NECO ke bin jihar, wanda ya sa aka riƙe sakamakon ɗalibai, kuma ta ce ta biya.

Akwai kuma batun kwamfutar kanta. Tun daga 2015 JAMB ta daina jarrabawa a kan takarda baki ɗaya. Wato yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba a makarantarsu, sai ya yi gogayya da takwarorinsa na Legas da Abuja a kan na'urar da yake son ya koyi ƙerawa.

Tsaro da layukan sadarwa

Ko da an samu malami da kayan aiki, sai makaranta tana buɗe ake karatu. A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A farkon Satumban shekarar, bayan sace ɗalibai fiye da 70 a Kaya da ke Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar.

A wannan watan ne kuma hukumar NCC ta ba da umarnin katse layukan wayar salula a duk faɗin jihar, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. An mayar wa Gusau da layi a farkon Oktoba, amma sauran yankuna sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan watanni 3 ke nan babu waya, babu intanet, a zamanin da hatta rajistar JAMB da saƙon waya take farawa.

A watan Janairun 2022 aka kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe kusan mutane 200, gwamnatin jihar kuma ta ce 58 ne. A Nuwamban 2025, bayan sace 'yan mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta fiye da 40 na wani lokaci, har da ta Anka.

Yankin yana kuma ɗauke da wani tsohon tabo. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, kamar yadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana. Likitoci sun tabbatar cewa dalma tana illata ƙwaƙwalwar yaro har ƙarshen rayuwarsa, kuma yaran da suka tsira a lokacin su ne yanzu suka kai shekarun neman shiga jami'a.

Bayan an samu shiga

Wanda ya tsallake duk waɗannan ma bai huta ba. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 ya ɗauki watanni 8. A watan Satumban 2023 kuma 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, lamarin da ya ƙara sa iyaye ɗari-ɗari da tura 'ya'yansu mata karatu.

Bashin NELFUND yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da ɗan abin kashewa a wata. Amma ɗalibin wannan fanni yana buƙatar kwamfutar kansa, wadda kuɗinta ya tashi matuƙa tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, kuma manomin da aka raba da gonarsa ba shi da amfanin da zai sayar ya saya wa ɗansa.

In ya kammala kuwa, kamfanonin da za su ɗauke shi aiki sun fi yawa a Legas, Abuja da Kano, duk da cewa yankinsa na buƙatar masu kula da turakun sadarwa, da na'urorin hasken rana, da injinan ban-ruwa a fadamun Gummi.

A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO su ma kan kwamfuta, matakin da 'yan majalisar wakilai suka nemi a jinkirta saboda halin da makarantun karkara ke ciki.

Masu lura da al'amura na ganin cewa, ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, abin da zai nuna ko dokar ta-ɓacin da aka kafa ta yi tasiri shi ne yawan malaman lissafi da fiziks da suka yarda su zauna a Anka, Gummi da Bukkuyum, da kuma yawan kwanakin da makarantun yankin suka yi a buɗe a kowane zango.