Rago a Inuwa, Tunkiya a Bola

Jama'a, wane irin kiwo ne wannan? Rago na ɗaure a inuwa, ga harawa, ga dusa, ga kowa, har wanka ake yi masa saboda kasuwar Layya. Tunkiyar da ta haife shi kuwa, da tsohon ciki, tana bola tana tauna leda.

Cikin tunkiya wata 5 ne, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan da ke ciki a makonni 6 na ƙarshe yake yinsa. A lokacin ne ciki ke matse tumbi: buƙata ta ƙaru, wurin zuba abinci ya ragu. Busasshen kara zai riƙe ta? Balle mai ɗauke da tagwaye?

In abin da take ci ya gaza, kitsen jikinta take ƙonawa har ya zame mata guba. Sai ta ware daga garke, ta ƙi ci, tana cizon haƙora, gani ya ɗauke, ta kwanta. Nan ne za a rugo da wuƙa ana cewa kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, to wa ya hana ta dusa?

Masu manyan gonaki da ke taƙama da silej ma ba su fita ba. Ɗanyar masara ko ciyawa ce ake yayyankawa, a danne a rami, a toshe iska har ta yi tsami. Abinci ne mai kyau in an yi shi da kyau. Amma sai a kwashe mai ƙamshi a kai wa shanun madara, na saman da ya yi funfuna, ya haɗu da ƙasa, a watsa wa tumaki. Su kuwa tumaki sun fi shanu saurin kamuwa da cutar da ke cikin ruɓaɓɓen silej. Tunkiya ta yi ta kewaye wuri ɗaya, kai a karkace, ko ta yi ɓari. Wannan ganganci ne.

Silej mai kyau ma ruwa ya yi masa yawa, shi kaɗai ba ya isar mai tsohon ciki.

Wadda ta tsira sai ta haifi ɗa kamar ɓera, hantsa ba dakashi, kafin mako ya mutu.

Ku ware masu ciki da nasu kwanon. Ku ƙara musu dusa da ƙuli-ƙuli ko angurya kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta. Silej ɗin da ya yi funfuna a zubar da shi. Wanda ba zai iya ciyar da tunkiya mai ciki ba, ya sayar wa mai iyawa.