SHARHI: Manhajar Ma'aikata Da Batun Wanda Ke Riƙe Da Makulli

A 'yan shekarun nan ma'aikatu da ƙananan hukumomi sun rungumi ba da kwangilar ƙera manhajar waya domin ayyukansu na cikin gida, kamar karɓar haraji a kasuwanni, da rajistar manoman da za a raba wa taki, da aiko da rahoton rigakafi daga asibitocin karkara. Irin wannan manhaja ta ma'aikata ce kaɗai, don haka ba a baje ta inda kowa zai sauke. Abin da ba kasafai ake tambaya ba a ranar sanya hannu shi ne: ta wace hanya za ta shiga wayoyin ma'aikata, kuma da sunan wa?

Galibin ma'aikatanmu wayar Android ke hannunsu, kuma hanyar da aka saba ita ce ɗan kwangila ya turo fayil ɗin da ake kira APK ta WhatsApp, wannan ya tura wa wancan. Ba a biyan ko kwabo, kuma ana iya rabawa daga waya zuwa waya ko da babu sabis a ƙauye. Sai dai kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya ƙera ta, kuma waya ba ta karɓar sabon gyara sai da wannan hatimin. Idan ɗan kwangila ya ɓatar da makullin hatimin, ko aka rabu da shi baram-baram, dole a goge tsohuwar manhaja a sa sabuwa, kuma duk bayanan da malamin asibiti ya tara a wayarsa bai kai ga turawa ba suna iya salwanta. Ƙari a kan haka, fayil da ke yawo a WhatsApp ba ya sanin wanda aka sallama daga aiki. Kamfanin Google yana da tsarin da hukuma za ta wallafa manhaja a Play Store ta yadda ma'aikatanta kaɗai za su gan ta, amma sai hukumar ta yi rajista tukuna.

A ɓangaren iPhone, wadda manyan jami'ai suka fi riƙewa, ƙa'idar ta fi tsauri. Kamfanin Apple yana da rajista ta dala 99 a shekara ga masu ƙera manhaja, da wata ta dala 299 ga hukumar da ke da ma'aikata 100 ko fiye, wadda ke ba ta izinin raba manhaja kai tsaye. Sharaɗin shi ne ma'aikatan hukumar da ta yi rajistar ne kawai za a ba. Ma'ana, ɗan kwangila ba shi da hurumin raba wa ma'aikatan wata hukuma manhaja da izinin kamfaninsa.

Duk mai ganin wannan sharaɗi rubutu ne kawai a takarda, ya tuna da abin da ya faru a ƙarshen watan Janairu na 2019 a Amurka. An gano kamfanin Facebook yana amfani da irin wannan izini wajen raba wa mutanen waje, 'yan shekara 13 zuwa 35, wata manhajar bincike, yana biyansu har dala 20 a wata domin ya ga abin da suke yi a wayoyinsu. Apple ya soke izinin, nan take manhajojin cikin gida na Facebook suka daina buɗewa, har da na duba abincin rana da motocin jigilar ma'aikata. Washegari Google ma ya gamu da irin wannan hukunci. An maido musu da izinin cikin ɗan lokaci domin manya ne, suna da waɗanda za su buga wa waya. Muna shakkar ko ƙaramar hukuma za ta samu irin wannan gata. Tun daga 2022 Apple ya buɗe wata hanya mai sauƙi, inda ake sa manhaja a App Store ba tare da ta fito a bincike ba, sai wanda aka ba adireshinta. Ko a nan, wajibi ne a sa mata kalmar sirri ta shiga, domin adireshi yana iya faɗawa hannun kowa.

Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhakin kare bayanai a kan hukumar da ta sa a tattara su, ko da wani ta ɗauka ya yi mata aikin. Sunan manomi da lambar wayarsa amana ce da ya ba gwamnati, bai san wani ɗan kwangila ba.

Saboda haka muna ganin ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin kuɗi su tabbatar an buɗe rajistar Google ko Apple da sunan hukuma da adireshin imel na ofis, a shigar da ɗan kwangila a matsayin mai aiki a ƙarƙashinta. A rubuta a kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa makullin hatimi da asalin rubutun manhajar, kuma a sa kuɗin sabunta rajistar Apple a kasafin kowace shekara.